Zana a Ƙofar Salma

Zuwa ga Yaya Zubaida, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Yaya ina gajiya, ina zafi, yaya maigidanki da yara? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai zafin bazara da ya kori kowa daga ɗaki, duk gidan a tsakar gida muke kwana.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san inda rezon waya yake kamawa a garin nan, gindin gawon bakin rijiya, kuma wurin ba ya rabuwa da mutane. Ko da ba kowa ma, bakina ba zai iya furta abin ba, shi ya sa na bar wa hannu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a karatun lakwal. Sha'ibu direba ne zai kawo miki.

Maganar yaron ce. Kin san sunanshi, ba sai na rubuta ba.

Ranar Talata na ɗaura wa jaki amalanke na kai su awo likitar Geceme, ƙaramin asibitin nan, shi da matata Salma da Inna. Wanga ne zuwa na biyu. Na farko an kai shi tun Salma tana gidansu wajen wankan jego, aka ce lafiyarshi lau. Ke ma kin gan shi ranar suna, kumatu kamar an hura. Ni ban shiga ba, na tsaya wajen jaki, amma rumfar awon a fili take, ana ganin komai. Akwai ma'auni mai fuska kamar agogo, ana sa yaro cikin wani wando a rataya shi. Yara da yawa sun wuce gabanshi, kowanne tsinken ma'aunin ya kaɗa ya tsaya, Madam Paskalin, ita ce sasfam ɗin wurin, wato ungozomar asibiti, ta rubuta a karne, ɗan littafin awon yaro, ta ce a kawo na gaba. Da aka zo kanshi sai ta dubi tsinke, ta dubi karne, ta sa aka sauke shi aka sake ratayawa. Ba ta yi wa ɗan kowa haka ba.

Ta ce tun watan jiya bai ƙaru ba, har ya ɗan koma baya. Ta tambayi Salma yadda yake shan nono. Salma ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba, Inna ce ta amsa. Ta ce angonta ba ya rasa komai, nono yana sha, kuma ita da kanta take ba shi ruwa da jiƙon bauri don kada ƙishirwa ta kama shi cikin wanga zafi. Madam ta ce a daina ruwan, a daina baurin, nono kaɗai har ya yi wata shida, don ruwan da yake bukata yana cikin nonon, kuma a ba shi duk lokacin da ya nema. Inna ta ce to. Kin san irin "to" ɗin Inna.

Daga nan aka ɗiga mishi magani a baki, aka yi mishi allurar rigakafi a cinya. Yaya, kukan da ya yi shi ya hana ni sukuni. Sauran yara suna tsala ihu har jakina yana kaɗa kunne, shi kuwa nashi siriri ne, kamar ɗan akuya a bayan gari. Madam ta ce a sa shi a nono ya yi shiru. Salma ba ta motsa ba, Inna ta karɓe shi ta goya. Madam ta ba da maganin siro, ta ce zazzaɓi yana iya zuwa saboda allurar, kada mu tsorata. Ta ce mu koma wata mai zuwa don allura ta uku, in ta tarar bai ƙaru ba za ta tura su babban asibitin Dutsi a kwantar da shi.

Muka kamo hanyar gida. Ina kora jaki ina satar kallon kanshi a bayan Inna, na ga maɗigarshi ta ɗan faɗa. Ban tambayi kowa ba. Ɗan fari ne, ina ni ina tambaya gaban Inna?

Ke da kika goyi huɗu, ki gaya mini, me ke hana yaro ƙaruwa alhali uwarshi lafiyarta lau, tana ci tana sha? Ki ba Sha'ibu amsa. Ki gai da maigida da yara duka.

Ƙanenki,
Is'haƙa


Zuwa ga Yaya Zubaida.

Assalamu alaikum. Ina yi miki fatan alheri ke da iyali. Saƙonki ya iso, da sabulun da kika aiko wa Salma, tana godiya. Kin ce in buɗe ido in ga sau nawa yake sha da yadda yake sha. Na buɗe, kuma abin da na gani ya fi wanda nake tsoro.

Bari in fara da zazzaɓin. Ya zo kamar yadda Madam ta faɗa, aka ba shi siro, ya tafi. Amma Inna ta ce ba allura ba ce, nono ne. Ta aika aka kira Gwaggo Sa'a, ungozomar da ta yanke mana cibi ni da ke. Ina zaune gindin garu ina saƙar zanar da zan kai kasuwar Tibiri, ba wanda ya ce in tashi, don sun saba ganina nan kamar turmi. Gwaggo ta sa Salma ta tatsa nono cikin ludayi, ta duƙa ta kamo tururuwa da yatsu biyu ta jefa ciki. Kowa ya zuba ido. In ta fito nono lafiyayye ne, in ta mutu nono yana da ƙaiƙai, guba ne ga yaro. Tururuwar ta ɗan yi iyo ta tsaya. Gwaggo ta girgiza kai ta kife ludayin a ƙasa.

Inna ta zauna daɓas ta rufe fuska. Ta tuno wanda aka haifa tsakanina da ke, wanda bai kai yaye ba, ta ce shi ma haka ya riƙa bushewa a hannunta, kuma ba za ta sake tsayawa tana kallo ba. Ban taɓa jin ta ambace shi ba sai ranar. Don haka kada ki ga laifinta, Yaya, tsoro ne.

Sun yanke cewa Salma za ta sha saiwoyi ta wanke ƙirji da su har Juma'a ta sama, a sake gwadawa. In tururuwa ta sake mutuwa a cire shi daga nono a koma da shi na akuya. Har Inna ta hana a kai jar akuyarta kiwo, ta ɗaure ta bayan ɗaki.

Da suka watse na tatsi akuyar a ɓoye cikin murfin kwano, na kamo tururuwa na zuba. Wasu suka fito, wasu suka mutu. Na gwada da ruwan randa, haka ne. Wadda na matsa da yatsa wajen kamawa ba ta taɓa fitowa ba. Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa cewa za a yi na ƙaryata Gwaggo, matar da ta wanke ni ina jinjiri.

Yanzu ga abin da na gani. Ƙofar ɗakin Salma tana kallon rumfar Inna. Inna kuwa wuni take a rumfar tana ɓarar gyaɗa, mata suna shigowa sayen ƙuli-ƙuli su zauna hira, yaron yana kwance kusa da ita. In ya yi kuka Salma ba ta waiwayawa. Tana daka, tana wanke-wanke, kamar ɗan maƙwabta ne. Inna sai ta ɗauke shi ta ɗura mishi ruwa da cokali, cikinshi ya cika, ya yi barci. Sai kukan ya ƙi tsayawa Inna take cewa a zo a karɓe shi, shi ma sai ta faɗa ta sake faɗa. Salma ta zo tana jan ƙafa, ta juya baya, ta sa shi, kafin ya haɗiyi na kirki ta cire shi ta maido, don idanu suna kanta. Ɗakin ba ya shiguwa da rana don zafi. Da dare kuma shimfiɗarta tana kusa da ta Inna, yaron a wajen Inna yake kwana.

Kuma Inna yabonta take yi. Kowace mace ta shigo sai ta ce mata ta yi dace da suruka mai kunya, ɗiyar mutane, ko yaron zai shiɗe da kuka ba ta kallonshi. Salma tana ji. Duk yabon da aka yi sai ta ƙara nisa da shi. A gidansu ba haka ya kasance ba, can kakarta ce take jegonta, da wasa da zagi take cusa mata shi a ƙirji cikin ɗaki, shi ya sa ya yi kumatu.

Nonon ba shi da ƙaiƙai, Yaya. Yaron yunwa yake ji, ga nono kusa da shi.

Ke ce ƴar farin Inna, kin fi ni sanin wagga kunya. Har yau ba ta taɓa kiran sunanki ba, sai dai ta Yamai. Ban ce abin banza ba ne, da shi muka tashi. Amma ki kira wayar Sha'ibu in yana garin, ki yi wa Inna magana, ko za ta ji daga bakin mace. Ni namiji ne, kuma uban ɗan fari, ba ni da bakin magana. Juma'a ta sama ba ta da nisa.

Ki gai da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Is'haƙa


Zuwa ga Yaya Zubaida.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki gafarce ni gaisuwar ta yi gajarta.

Na san kin kira. Na kuma ga abin da ya faru. Sha'ibu ya miƙa wa Inna wayar a gindin gawo ta ƙi karɓa kamar kullum, ta ce ya saurara ya gaya mata. Shi kuma da ya ji maganar nono ce sai kunya ta kama shi, ya ce wai kina gaisuwa kina tambayar zafi. Inna ta ce a gaya wa ta Yamai ta gode. Iyakar abin da ya iso ke nan.

Sai na yi abin da na iya. Zanar da na saƙa don kasuwa ban kai ta ba. Na haƙa ramuka na kafa ta gaban ƙofar Salma, na lanƙwaso ta, na yi mata ƴar inuwa a sama, yadda mutum zai zauna ciki iska tana ratsawa ba a ganinshi daga rumfa. Inna ta tambayi dalili na ce rana ce take dukan ƙofar. Matan rumfa suka yi ta dariya, wai na koma sabon ango.

Na samu Salma ita kaɗai a hanyar rijiya na yi mata magana. Tun da aka haife shi ba mu taɓa zancenshi ni da ita ba. Ta aje tulu ta yi kuka. Ta ce duk lokacin da ya yi kuka ƙirjinta yana tsatsafowa har ya jiƙa riga, shi ya sa ba ta rabuwa da mayafi cikin wanga zafi. Ta ce in tana daka tana jin shi, ƙirga bugun taɓarya take yi don kada ƙafarta ta kai ta. Ta ce in ta ɗauke shi da kanta gaban Inna, gobe labari ya kai garinsu cewa ba a yi mata tarbiyya ba. Kuma yanzu ita ma ta fara tsoron ko da gaske nononta ne yake cutar da shi. Na gaya mata zancen tururuwar da na gwada. Ta dube ni, ta ɗauki tulunta.

Zanar ta yi amfani kaɗan. In Inna ta miƙa shi, Salma tana shiga da shi ciki ta daɗe, ina jin haɗiyarshi daga inda nake saƙa. Amma sai an miƙa. Yaron yana rumfa, nono yana bayan zana, tsakaninsu fili ne da ba wanda zai ratsa da shi. Inna kuma ta rage miƙawa, tunda a ganinta guba take miƙa shi gare ta.

Jiya Juma'a Gwaggo Sa'a ta dawo da hantsi. Rumfa cike da mata. Aka tatsa, aka jefa, tururuwa ta mutu. Inna ta tashi ta tatso akuya, ta zauna ta ɗora shi a cinya da cokali a hannu. Yana ta wanga siririn kuka, yana juya kai yana neman abin kamawa, har ya kama gefen zanenta yana tsotsa. Na dubi Salma, tana tsaye jikin turmi, mayafinta ya jiƙe.

Ban san lokacin da na tashi ba, Yaya. Na ratsa cikin matan na durƙusa gaban Inna, na sa hannu biyu na ɗauke shi daga cinyarta. Ban taɓa riƙe shi ba sai jiya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki damin gamba busasshe. Na ce mata ta yafe mini, amma Mukhtar ɗana ne, yunwa yake ji, nonon uwarshi zai sha ba na akuya ba, kuma daga yau ba mai sake ba shi ruwa. Da sunanshi na faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji. Ga shi na rubuta miki ma.

Wata ta yi salati. Gwaggo Sa'a ta ce lalle duniya ta zo ƙarshe, ta ɗauki sandarta ta fita. Na kai shi bayan zana, na kira Salma, na tsaya a bakin wurin har ta zo ta wuce ni ta shiga.

Inna tana nan zaune da cokali a hannu. Ta ce tunda na zama uba mai baki, in riƙe ɗana, in wani abu ya same shi kada a neme ta. Tun daga nan ba ta amsa gaisuwata ba. Tuwon da aka kai mata da dare haka aka ɗauko shi.

Yanzu ni nake ɗaukar shi in kai in ya yi kuka, na dawo da saƙata bakin zanar. A masallaci an fara yi mini kallo. Wanga bai dame ni ba kamar abu guda: in ni ne na yi kuskure fa? In Gwaggo ta san abin da ban sani ba? Na cire shi daga hannun Inna gaban mutane, in ranar awo tsinken nan bai motsa ba, ban san da wane ido zan dube ta ba, kuma ban san me zan ce wa Salma ba.

Ki sa mu cikin addu'a.

Ƙanenki,
Is'haƙa


Zuwa ga Yaya Zubaida, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. An yi mana yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi, amma bai isa shuka ba. Na ji saƙonki cewa in yi haƙuri da Inna in ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba. Haka nake yi safe da yamma.

Mun je awo shekaranjiya. Na ɗaura amalanke ina zaton mu biyu ne da yaron, sai ga Inna ta fito da mayafinta ta hau. Ta zauna can baya ta juya mana ƙeya har Geceme.

Wanga karo ban tsaya wajen jaki ba, na matso jikin rumfar. Da layi ya zo kansu aka sa shi cikin wando aka rataya, na kasa kallon tsinken, sai na kalli fuskar Madam Paskalin. Ta dubi ma'auni, ta dubi karne. Ta ɗaga hannu kamar za ta ce a sake, sai ta fasa, ta rubuta. Ta ce ya ƙaru. Ba da yawa ba, bai kai inda ya kamata ya kai ba, amma ya juyo. Ta ce zancen Dutsi a aje shi tukuna, mu dawo tsakiyar wata ta sake dubawa, kada mu saki jiki.

Ta tambayi yadda yake sha yanzu. Na jira Inna ta amsa kamar wancan karo. Inna ta kalli ƙasa. Madam ta sake tambaya. Sai Salma ta buɗe baki, murya can ciki, ta ce yana sha dare da rana, ba ruwa ba bauri.

Aka yi mishi allura ta uku. Yaya, da kin ji ihu! Har wata mata ta toshe kunne. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba sai ranar. Madam ta ce a sa shi a nono. Rumfa cike da mata, har da na garinmu biyu da suke wurin ranar Juma'ar nan, ga Inna a gefenta, ba zana ba garu. Salma ta riƙe shi yana ta ihu, ta dubi Inna, ta dubi ƙasa. Na ga hannunta ya fara miƙa shi wajen Inna kamar da. Na ce a raina shi ke nan, mun koma.

Inna ba ta karɓe shi ba. Ta miƙe tsaye, ta kwance mayafinta, ta juya wa Salma baya, ta ware hannu biyu ta shimfiɗa mayafin tsakaninta da mutane. Ta tsaya haka tana kallon titi, fuska a ɗaure, kamar mai shanya. Kukan ya tsaya. Hannuwanta sun gaji amma ba ta sauke ba sai da ya ƙoshi ya saki da kanshi.

A hanyar dawowa ta sake juya mana ƙeya. Amma jiya da safe na tarar an kwance jar akuya an bi da ita kiwo. Da na gaishe ta ta amsa a taƙaice, ba ta dube ni ba, ta ce zanar nan ta yi gajarta ta gefen gabas, in ƙara mata kafin ruwa ya sauka. Gwaggo Sa'a har yanzu ba ta shigo gidan ba, zan je in gaishe ta da goro in ga abin da Allah zai yi.

Zazzaɓin allura ya ɗan taɓa shi, mun ba shi siro, ba wanda ya kira kowa. Yanzu haka yana bayan zana wajen uwarshi, ina jin shi daga nan.

Salma tana gaishe ki. Ki gai da maigida, ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Is'haƙa, baban Mukhtar